Kyan Ɗan Maciji: Kundin Bibiyar Gadon Tangaɗin Kai a Kiwon Ƙaramar Mesa

16 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne saboda abin da na gani da idona a daren Alhamis da ta gabata, kuma ina so duk abin da zai biyo baya ya kasance a rubuce da kwanan watansa. Shekara huɗu ke nan ina kiwon ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius, a wani ɗaki da na keɓe a bayan gidana a nan Kaduna. Macijiya ce marar dafi, mai sanyin hali, wadda idan ta tsorata sai ta cusa kanta a tsakiyar jikinta ta dunƙule kamar gammo. Asalinta daga yankinmu ne na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma daga Gana da Togo da Benin ake fitar da mafi yawan waɗanda ake kai wa Turai da Amurka, inda masu kiwo suka fitar da launuka da zane-zane iri-iri daga cikinta.

A watan Yuni na sayi namiji guda daga hannun wani dillali a Legas, irin wanda masu kiwo ke kira Spider saboda siraran baƙaƙen layukan da ke bisa jikinsa mai ruwan zinariya, masu kama da saƙar gizo-gizo. Na sa masa suna Gizo, matar da na haɗa shi da ita kuma, wadda ke da launin daji na asali, na sa mata Ƙoƙi. Tun tsakiyar Oktoba nake saka shi a akwatinta, kuma sau uku na same su wutsiya a sarƙe.

A daren Alhamis ɗin na miƙa masa ɓera da dogon hantsaki kamar yadda na saba. Ya ɗago kai, harshensa na fita yana komawa, sai na ga kan yana kaɗawa hagu da dama, kaɗan-kaɗan, kamar kan tsohon da hannunsa da wuyansa suka fara rawa. Da ya kai sara sai ya wuce ɓeran da kusan faɗin yatsa biyu ya bugi bangon akwati, sannan wuyansa ya murɗe har farin haɓarsa ya kalli sama na ɗan lokaci kafin ya daidaita. A karo na biyu ya kama. Dillalin bai faɗa mini komai a kan wannan ba ranar ciniki, ni ma kuma ban yi binciken da ya kamata in yi ba kafin in haɗa shi da mace. Yau na raba su.

30 ga Nuwamba, 2024

Na kai Gizo Zariya wurin wani likitan dabbobi, domin alamun da na gani suna iya fitowa daga abubuwa da dama. Zafin da ya wuce kima yana taɓa ƙwaƙwalwar maciji. Maganin ƙwari da ake fesawa don kashe ƙumar macizai yana iya sa karkarwa idan ya yi yawa. Akwai kuma wata cutar bairos mai kama mesa da danginta, wadda ke sa maciji ya riƙa ɗaga kai yana kallon sama, kuma tana kisa. Likitan ya tambaye ni zafin ɗakin da abin da nake fesawa, ya duba bakin Gizo da fatarsa, sannan ya kwantar da shi rigingine a kan tebur. Lafiyayyen maciji nan take yake birkitowa, shi kuwa Gizo sai da ya ɗan yi jinkiri, kansa na neman inda ƙasa take.

Likitan ya ce da ni: “Malam, dabbar da ke cin abinci tana ƙara nauyi wata biyar, kuma sauran na ɗakin lafiyarsu ƙalau, da wuya a ce cuta ce mai yaɗuwa. Ka koma ka karanta tarihin irin nasa.” Na ce: “To, Likita, in gado ne, akwai magani?” Ya girgiza kai ya ce sai dai a sauƙaƙa masa rayuwa.

Na karanta. Wannan iri ya fito ne a 1999 daga gidan kiwon Kevin McCurley da ake kira NERD a Amurka, kuma duk masu zanen gizo da ke hannun mutane a yau daga maciji guda aka samo su. Masu kiwo sun daɗe da sanin lalurar, suna kiranta da kalmar da ma'anarta ta fi kusa da tangaɗi, shi ya sa zan riƙa kiranta tangaɗin kai. A 2014 wasu masu bincike biyu a Ingila, Rose da Williams, sun wallafa nazari a kanta, inda suka samu cewa masu kiwo galibi suna ganin ba ta rage wa macijin jin daɗin rayuwa sosai, alhali mafi yawan masana walwalar dabbobi da aka tambaya suna ganin cutarwar matsakaiciya ce ko ma babba. A 2018 kuma wata babbar ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu jan ciki a Birtaniya, IHS, ta hana sayar da wannan iri a bajekolinta.

21 ga Disamba, 2024

Hunturu ya kankama, na rufe tagogi da buhu, na kuma ƙara kwanon ruwa a kowane akwati saboda bushewar iska. Ƙoƙi ta daina cin abinci, tana yawan kwanciya a gefen da ya fi sanyi tana naɗe kwanon ruwanta, alamar da na sani ta macen da ƙwai ke girma a cikinta. Tun da bakin alƙalami ya riga ya bushe, abin da ya rage shi ne in bi wannan haihuwa da idon basira, in amsa wa kaina tambaya guda: uban da tangaɗinsa kaɗan ne, 'ya'yansa ma kaɗan za su yi? Wannan ita ce hujjar da masu sayarwa suka fi kafawa, cewa idan aka zaɓi iyaye masu sauƙin lalura, a hankali za a tace ta daga cikin irin.

Ɗan yayata, wanda ke ajin ƙarshe na sakandare kuma yake taimaka mini da sharar akwatuna, ya tambaye ni: “Kawu, wannan kamar sikila ne ke nan?” Tambayar ta yi mini daɗi, domin ta nan ne bayanin ya fi sauƙi. Kowace halitta tana karɓar ƙwayar gado biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ƙwayar sikila mai lafewa ce: mai AS yana yawo lafiya, sai AS ya auri AS sannan kowane ciki yake da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A cikin mesa ma akwai launuka masu bin wannan hanya, kamar zabiya da mai dabbare-dabbaren fari da ake kira Piebald, waɗanda ba sa bayyana sai ɗa ya gaji ƙwayar daga ɓangarorin biyu.

Ƙwayar gizo kuwa mai rinjaye ce. Guda ɗaya ta isa ta fito da zanen, saboda haka babu macijin da ke ɗauke da ita a ɓoye. Idan aka haɗa mai zanen gizo da mai launin daji, kamar Gizo da Ƙoƙi, kowane ƙwai yana da rabi da rabi, tamkar a jefa kwabo sama. Idan kuwa aka haɗa gizo da gizo, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwan zai gaji ƙwayar sau biyu, kuma abin da masu kiwo suka daɗe suna gani shi ne irin waɗannan ba sa rayuwa, yawanci a cikin ƙwai suke mutuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙwayar tana taɓa abin da ya fi fata zurfi. Wani abin lura kuma shi ne, shekara ashirin da biyar ke nan ana haɗa wannan iri da macizai na jini daban-daban a ƙasashe daban-daban, amma tangaɗin bai rabu da zanen ba. Da a ce auren zumunci ne ya kawo shi, ko wata ƙwaya ce ta dabam da ta raɓu da ta zanen, da sabon jini ya wanke shi tuntuni. A fahimtata ƙwaya guda ce ke yin aiki biyu.

Na tsara ma'auni mai hawa huɗu. Sifili shi ne babu wata alama. Ɗaya, kaɗa kai lokacin cin abinci kawai. Biyu, kaɗa kai ko karkatar da shi ko da ba a ba da abinci ba, tare da yawan kuskuren sara. Uku, murɗa wuya kamar igiya, juyewa rigingine, da kasa birkitowa da wuri. Ni da yaron za mu riƙa ba da maki kowa a takardarsa ba tare da mun ga na juna ba. Gizo ya samu ɗaya a wurinmu duka. Domin kwatanci, ina da wata mace mai launin daji, Ladi, wadda na haɗa da Ɗorawa, namiji irin Pastel mai hasken rawaya, wanda ba a san irinsa da wannan lalura ba.

1 ga Fabrairu, 2025

Shekaranjiya tsakiyar jikin Ƙoƙi ya kumbura kamar ta haɗiye babbar gafiya, bayan kwana ɗaya kuma ya sace. Ƙwai ya tabbata.

A wannan watan na ci karo da nazarin da ya sauya yadda nake kallon Gizo. A 2022 wasu masana a Jamus, ƙarƙashin Matthias Starck na jami'ar Munik, sun ɗauki hoton cikin ƙoƙon kan macizai masu zanen gizo da na'urar da ke nuna ƙashi daki-daki, suka kwatanta da na masu launin daji. Maciji ba shi da kunnen waje, amma yana da na ciki, kuma a can ne ma'aunin daidaito yake: ƙananan bututu uku masu lanƙwasa da wata 'yar jaka, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa ina ne sama ina ne ƙasa. A masu zanen gizo sun samu waɗannan sassa da nakasa a ƙirarsu. Macizan da suka duba kaɗan ne, amma abin da suka gani ya dace da alamun. Duk wanda ya taɓa yin wasan hajijiya yana yaro ya san yadda ƙasa ke juyawa bayan an tsaya, kuma tun da na karanta wannan nake tunanin cewa wani abu mai kama da haka ne ke samun Gizo a duk lokacin da ya ɗaga kai zai kama abinci.

Alaƙar launi da kunne ba baƙuwa ba ce a ilimin halittu. Ƙwayoyin da ke ba fata launi suna tasowa ne daga gefen lakar ɗan tayi, wuri guda da wasu sassan jijiyoyi da ƙasusuwan kai, daga nan su bazu cikin jiki. Shi ya sa farar kyanwa mai shuɗin ido sau da yawa take zama kurma.

22 ga Fabrairu, 2025

Ƙoƙi ta yi saɓar da ke zuwa kafin ƙwai, don haka ina sa ran kwana talatin. Dillalin nan ya kira ni yana tallar mace irin Champagne, wai in haɗa ta da Gizo. Na ƙi, na kuma gaya masa dalili: Champagne ma tana da tangaɗin kai, kuma haɗa ta da gizo yana ba da 'ya'yan da ba sa rayuwa. Haka Woma take da tangaɗi, haka ma wanda ya gaji ƙwayar Spotnose sau biyu. Wasu launukan kuma ta wata fuska matsalarsu take, domin wanda ya gaji Cinnamon sau biyu yakan zo da karkataccen gadon baya ko baki mai faɗi kamar na agwagwa, matan irin Desert kuma ƙwai ne ke maƙale musu. Ya ce kasuwa ce ke nema. Na ce masa akwai Pinstripe, mai siraran layuka da ke kusa da na gizo a ido, kuma ba a san shi da wannan lalura ba.

24 ga Maris, 2025

Bayan sahur na leƙa na tarar da Ƙoƙi ta naɗe ƙwai bakwai. Shida farare ne manya masu laushi kamar fata, manne da juna, ɗaya kuma ƙarami ne ruwan ƙasa-ƙasa, baragurbi. Na ɗaga ta a hankali, na sa wa kowane ƙwai alama da fensir a samansa, domin ƙwan maciji ba a juya shi kamar na kaza, idan ya kife ɗan tayin na iya mutuwa. Da na haska su da tocila a cikin duhu, duka shidan sun nuna jajayen jijiyoyi.

Ƙwan yana buƙatar digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos na tsawon kwana 55 zuwa 60. Masu kiwo a ƙasashen sanyi ɗumama akwati suke yi, mu kuwa a bazarar Kaduna sanyaya shi ne aikin. Wannan yana da muhimmanci ga binciken kansa, domin zafin da ya yi yawa a lokacin ƙyanƙyasa yana iya nakasa ɗan maciji ko da wane iri ne, kuma idan hakan ta faru ba zan iya bambance laifin gado da laifin zafi ba. Na sa ƙwan a cikin roba mai murfi bisa ƙasa mai riƙe danshi, na saka robar a cikin babbar kula tare da gorunan ruwa goma don su riƙe yanayin, na ajiye kular a ƙasan siminti a ɗakin da rana ba ta bugunsa. Ina duba ma'aunin zafi bayan kowace salla.

19 ga Afrilu, 2025

Ladi ta yi ƙwai biyar ranar 2 ga wata, duka masu kyau, kuma suna cikin kula guda da na Ƙoƙi. Ranar 15 an ɗauke wuta tun safe, fanka ta tsaya, da la'asar ma'auni ya kai 33.5. Na lulluɓe kular da jiƙaƙƙen buhu, kafin magariba ya sauko. Na rubuta wannan ne domin duk abin da zafin ya yi, ya yi wa ƙwan uwayen biyu tare.

29 ga Mayu, 2025

Ranar 20 ga wata, kwana 57 cif, ƙwan Ƙoƙi na farko ya tsage, ɗan kai ya leƙo yana fitar da harshe a cikin kumfa. Cikin kwana biyu duka shida sun fito: huɗu masu zanen gizo, biyu masu launin daji. Na Ladi sun fara jiya, kuma zuwa yammacin yau an samu Pastel biyu da masu launin daji uku. Babu mai karkataccen baya ko nakasar ido a cikin goma sha ɗayan, abin da ya kwantar mini da hankali game da zafin watan jiya.

Na ba 'ya'yan Gizo masu zane lamba G1 zuwa G4. Tun kafin G3 ta gama fita daga ƙwai na ga kanta a kife, haɓa sama, ta daɗe a haka har na zaci ta mutu. Ita ce kuma ta fi su kyau, bayanta kamar an zuba zinariya an ja layi da tawada, gefenta fari tas. Hausawa na cewa kyan ɗan maciji ga abin da ke da kyau a ido amma da cuta a tattare da shi, sai dai a nan cutar a kan ɗan macijin take.

21 ga Yuni, 2025

Duka sun yi saɓar fari, kuma an ba kowanne abinci sau uku. Biyar ɗin Ladi da 'ya'yan Ƙoƙi biyu masu launin daji sun samu sifili a takardata da ta yaron, a dukkan lokutan. Waɗannan biyun su ne hujjar da ta fi ƙarfi a wurina, domin ubansu ɗaya da masu zanen, uwarsu ɗaya, kula ɗaya, zafin 15 ga Afrilu ma tare suka sha, kuma saransu bai taɓa kuskure ba.

Masu zanen kuwa babu wanda ya tsira daga tangaɗin. G1 ya samu ɗaya kamar ubansa, kuma da a ce ban san abin da nake nema ba da sai in rantse lafiyarsa ƙalau, domin kaɗawar ba ta wuce ta daƙiƙa biyu kafin sara. G4 ma ɗaya. A kan G2 muka saɓa, na ba shi ɗaya, yaron ya ba shi biyu, da muka sake kallon bidiyon sai na ga shi ne da gaskiya, domin kan a karkace yake ko yana kwance. G3 uku ce ba tare da gardama ba. Idan aka buɗe akwatinta takan ɗaga rabin jikinta, ta murɗe, ta faɗi ta baya, ta yi ta neman ƙasa da kai. Sau uku ta kai sara sau uku ta kuskure, a na ƙarshe ma jikinta ta kama.

Ƙwai shida ba su isa a kafa doka da su ba, kuma ban ɗauki wannan a matsayin binciken da ya kai na masana ba. Amma tambayar da na yi a Disamba ta samu amsa a ɗakina: uba mai maki ɗaya ya haifi 'ya mai maki uku. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a wannan iri abin da ake gada shi ne lalurar, tsananinta kuwa ba ya bin na uba, kuma wannan ya yi daidai da abin da masu kiwo da yawa suka ba da labari. Idan haka ne, zaɓen iyaye masu sauƙi ba zai hana a riƙa samun irin G3 ba.

19 ga Yuli, 2025

G3 ta ci abinci da kanta sau biyu a jere. Abin da ya taimaka shi ne na mayar da ita ƙaramin akwati marar tsawo, na cire reshen hawa, na sa mata kwanon ruwa marar zurfi don kada ta kife a ciki, sannan na daina miƙa mata ɓera a sama. Yanzu da dare nake ajiye mata wanda aka riga aka kashe a bakin maɓoyarta, in kashe fitila in fita, domin na lura duk abin da ya tayar mata da hankali yana ƙara murɗewar. Nauyinta ya tashi daga giram 58 zuwa 71, 'yan'uwanta masu launin daji kuwa sun haura 100.

Wani saurayi daga Unguwar Rimi ya zo ganin 'ya'yan, idonsa ya faɗa kan G1. Ya ce: “Baba, wannan nake so, ko nawa ne.” Na zaunar da shi na nuna masa bidiyon G3, na ce masa: “Ɗana, wannan da wancan uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma duk ranar da ka haɗa shi da mace, rabin abin da za ka samu zanensa zai ɗauko, kowanne da nasa rabon tangaɗin.” Ya yi shiru, daga baya ya tafi da Pastel guda daga cikin 'ya'yan Ladi.

Na yanke shawarar ba zan sake haɗa Gizo da mace ba, kuma 'ya'yansa huɗu masu zane za su zauna a hannuna, wanda ke nufin ɗawainiyar shekara ashirin ko fiye, tun da irin wannan mesa takan kai haka a hannun mai kiwo. Zan ci gaba da ba su maki a Asabar ta farkon kowane wata, domin in ga ko tangaɗin yana raguwa ko yana ƙaruwa da girma, musamman na G1 da G4 da suka fara da sauƙi. Likitan Zariya ya nemi in kawo masa G3 da bidiyoyin idan ta kai giram 100, kuma awo na gaba ranar 2 ga Agusta ne.